Maharbin ɓoye a idon ƴan uwansa sojoji

A farkon shekarar 1915, a ramukan yaƙi na arewacin Faransa, wata bataliyar sojojin Ingila ta rasa mutum 18 cikin yini guda, dukkansu ta hannun maharban Jamus waɗanda ba wanda ya ga ko inuwarsu. Wanda ya ba da wannan labari shi ne Hesketh-Prichard, a littafin da ya fitar a 1920 game da harbin ɓoye a Faransa. A lokacin nan, bataliya ta rasa mutum biyar a rana ta wannan hanya ba abin mamaki ba ne. Mutum ya ɗaga kai bisa buhunan yashi don ya duba waya mai ƙaya, ko ya ratsa wurin da ganuwar rami ta zube yana ɗauke da tukunyar abinci, ko ya nufi makewayi da asuba, sai a ji ƙara ɗaya tak, ya faɗi, harsashi a goshi.

Jamusawa ne suka riga kowa shiri. Tun farkon yaƙin suka tattara bindigogin farauta masu madubin hangen nesa daga hannun attajirai da masu sarauta, suka damƙa su ga masu gadin daji da mafarauta da aka ɗauka soja. Suka kafa allunan ƙarfe masu ƴar kafa a cikin ganuwar ramukansu, maharbi ya kwanta a baya, ya zauna a wuri ɗaya makonni har ya san kowane lungu na ramin da ke gabansa kamar yadda manomi ya san gonarsa. Hesketh-Prichard kuwa shi kansa mafaraucin manyan namun daji ne kafin yaƙi. Da ya duba bindigogi masu madubi da ke hannun Ingilishi, sai ya tarar yawancinsu ba a daidaita madubin da bakin bindiga ba, masu riƙe da su kuma ba wanda ya koya musu. Ya yi ta fama da manyan hafsoshi har aka yarda ya buɗe makaranta a ƙauyen Linghem a 1916. A can aka koya wa sojoji aiki bibbiyu, ɗaya yana hange, ɗaya yana harbi. Aka riƙa ƙera kawunan mutane da takarda da aka jiƙa aka cuɗa, a yi musu fenti, a ɗaga ɗaya bisa sanda. Idan maharbin Jamus ya huda shi, sai a bi layin hudar gaba da ta ƙeya a gano inda yake kwance. Kafin ƙarshen yaƙin, Ingilishi sun kamo Jamusawa a wannan fanni, Faransawa ma sun ɗora madubi bisa bindigarsu Lebel.

Mai karatu zai zaci mutanen da suka ceci rayukan ƴan uwansu haka za su zama abin so a cikin rami. Tarihi bai nuna haka ba. Ƙiyayyar da kurtu yake yi wa maharbin abokan gaba a fili take, kuma wasiƙu da littattafan tsofaffin sojoji na yaƙin duniya na farko da na biyu cike suke da shaidar cewa maharbin da aka kama da bindiga mai madubi ba kasafai yake isa sansanin fursunoni ba. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yadda nasu maharbin ma ba su sake jiki da shi ba. Billy Sing, sojan Ostareliya wanda aka tabbatar ya kashe Turkawa 150 a Galipoli a 1915, laƙabin da abokansa suka ba shi ma'anarsa «mai kisan kai». Suna alfahari da shi, amma da wannan suna suke kiransa.

Harshe kansa ya riƙe wannan rabuwar zuciya, kuma duk malamin da ya taɓa fassara labarin yaƙi a aji ya ci karo da ita. Bafaranshe yana da «tireur d'élite», wato gwanin harbi, yana kuma da «tireur embusqué», wato mai harbi daga maɓoya. Aiki ɗaya ne, bindiga ɗaya ce: na farkon namu ne, na biyun nasu. Jamusanci ma haka ya raba, da kalma ta yabo da kalma ta zagi mai nufin mai harbi daga bayan shinge. A Hausa muna iya cewa gwanin harbi, muna iya cewa mai kwanton ɓauna, kuma kowa ya san wanne ne za a saka cikin kirari.

Dalili na farko na wannan ƙyama ba na ɗabi'a ba ne, na neman kwana lafiya ne. Masanin zaman jama'a Tony Ashworth ya nuna a littafinsa na 1980 cewa a wurare da yawa na fagen yaƙin 1914 zuwa 1918, sojojin ɓangarorin biyu sun ƙulla wata yarjejeniya da ba a rubuta ba, ba a kuma faɗa da baki ba: ka bar ni in rayu, in bar ka. Ba a harbi lokacin karin kumallo. Ba a taɓa masu kawo abinci da dare, domin kowa yana da masu kawo masa nasa. Ƴan igwa suna jefa harsashinsu a sa'a ɗaya, a wuri ɗaya, kullum, don janar ya ji ƙara, abokin gaba kuma ya san lokacin da zai sunkuya. Ba ƙauna ce ta haifi wannan ba. Mutane ne da ke zaune mita 100 ko 200 da juna wata da watanni, cikin taɓo ɗaya da ɓeraye ɗaya, suka gane cewa kowace ɓarna ramuwa take jawowa. To, maharbin ɓoye shi ne mai yaga wannan tabarma. Yakan zo da umarnin manya, ya kwanta, ya kashe mutum ɗaya ko biyu, ya naɗe kayansa ya koma baya. Ruwan igwa da zai biyo baya, a kan waɗanda suka rage a ramin yake sauka. Wanda ya tsokano tsuliyar dodo ya tafi, an bar maƙwabta da dodon.

Akwai kuma ƴar hassada, wadda ba a rasa ta a kowane bariki. Maharbi ba ya cikin masu haƙar rami da ɗaukar buhu da gadin dare kamar sauran. Yana yawo inda ya ga dama, yana da ɗan littafin da yake rubuta abin da ya gani da adadin waɗanda ya kayar. Wannan lissafin ne ya fi tsaya wa kurtu a rai. Sojan rami yana iya gama yaƙi bai san ko ya kashe mutum ba: an ce harba, ya harba cikin hayaƙi tare da mutum ɗari. Shi kuwa wancan ya sani, ya kuma ƙidaya.

Amma ƙyamar ta girmi ramukan 1915 da ƙarnuka. A 1139, babban taron malaman cocin Katolika da aka yi a Lateran, a birnin Rum, ya haramta amfani da maharba masu baka da masu baka mai kunama a kan Kiristoci. Haramcin bai hana kome ba, sai dai ya nuna abin da ke damun manya: kibiyar baka mai kunama tana huda sulken barde, kuma talakan da ya koyi harba ta cikin ƴan makonni yana iya kayar da wanda ya shekara 20 yana koyon doki da takobi. Waɗanda suka yi lakwal a cikinmu suna tune da Bayard, barden nan na littattafan tarihin Faransa da ake wa kirari da rashin tsoro da rashin abin zargi. Ana ba da labarin cewa ba ya yi wa ƴan bindigar da ya kama sassauci. A 1524, a arewacin Italiya, yana kare bayan rundunar Faransa da ke ja da baya, sai harsashin wata bindiga mai lagwani, kakar adaka, ya karya masa ƙashin baya. Sunan Bayard ya kai har ajujuwan Damagaram da Tawa. Sunan wanda ya harbe shi bai shiga littafin makaranta ba.

Mu ma nan ba baƙin wannan magana ba ne. A rundunonin sarakunan Hausa, ɗaukaka ta barade ce da ƴan lifidi, masu doki da mashi da takobi, su ake wa kiɗa da kirari. Ƴan baka talakawa ne masu tafiya a ƙasa, kuma da bindiga ta yawaita a ƙarni na 19, a fadoji da yawa bayin sarki aka damƙa wa ita. Duk da haka, a Tabkin Kwatto, a 1804, kibau ne na mutanen da dawakinsu ba su taka kara sun karya ba suka tarwatsa dawakin Gobir. Saboda haka idan mun ji barde, na Turai ko namu, yana cewa kisa daga nesa aikin matsorata ne, ya kamata mu tambaya ko mutuncin yaƙi yake karewa ko matsayinsa. A ganina, rabin zargin da ake wa maharbi gadon wannan girman kai ne, kuma bai cancanci a riƙe shi ba. Mutumin da ya ja ciki cikin dare zuwa filin da ke tsakanin ramuka biyu, ya kwanta yini guda ba motsi, yana sane da cewa in an gan shi ba mai karɓar tubansa, ba a kiransa matsoraci.

Sauran rabin zargin fa? Nan ne maganar take da nauyi, kuma waɗanda suka fi bayyana ta su ne mutanen da suka riƙe bindigar, suka ga mutum a bakinta, suka kasa.

Robert Graves, marubucin Ingila, yana ƙaramin hafsa a Faransa, ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa na 1929 cewa wata rana yana kwance da bindiga mai madubi, sai ya hango wani Bajamushe can nesa, a layin baya na ramukansu, yana wanka. Ransa bai ba shi ya harbi mutum tsirara ba. Sai ya miƙa bindigar ga sarjan da ke kusa da shi, ya ce masa ya fi shi iya harbi. Sarjan ya harbe mutumin. Graves bai tsaya ya gani ba. Na daɗe ina juya wannan labari, domin ban san inda zan aje Graves ba. Bai ceci Bajamushen ba, hannunsa kawai ya wanke, ya kuma ɗora wa na ƙasa da shi abin da shi ya ƙyamata. Kusan abin da rundunoni suka yi wa maharbansu ke nan: a ba su aikin, a karɓi amfaninsa, sa'an nan a ƙi cin tuwo da su.

Emilio Lussu, hafsan Italiya ɗan tsibirin Sardiniya, ya yi yaƙi da sojojin Ostiriya a tsaunukan Asiago a 1916 da 1917, littafinsa kuma ya fito a Paris a 1938, yana gudun hijira daga mulkin Mussolini. Ya ce wani dare shi da wani kofur suka ja ciki har suka sami wani wuri bayan ƴan itatuwa inda ake ganin cikin ramin abokan gaba sarai. Gari ya waye, suka ga ana raba gahawa, mutane suna kai da kawowa cikin natsuwa. Sai wani matashin hafsa ya fito, ya kunna taba. Lussu mafarauci ne tun yana yaro, tazarar kuma ba ta da yawa. Ya saita, yatsansa na kan kunama. Tabar nan ce ta ɓata kome, domin shi ma a take ya ji sha'awar taba, daga nan ya tuna cewa mutum ne a gabansa. Bai daina ganin yaƙin a matsayin wajibi ba, ya kuma san aikinsa ne ya harba. Amma ya ga cewa yin yaƙi abu ɗaya ne, kashe wannan mutum shi kaɗai, kamar naman daji, wani abu ne dabam. Ya miƙa wa kofur bindiga, kofur ma ya ƙi. Suka ja ciki suka koma.

George Orwell ya ba da irin wannan labari daga yaƙin basasar Spaniya: ya fita da asuba don harbin ɓoye, sai wani sojan Franco ya fito a guje bisa ganuwa, rabinsa tsirara, yana riƙe da wandonsa da hannu biyu kada ya faɗi. Orwell bai harba ba, domin ya zo ne ya harbi ɗan fasist, mai riƙe da wando kuwa ɗan Adam ne kamarsa. A watan Mayun 1937, kusa da Huesca, wani maharbin ɓoye na ɗaya ɓangaren ya huda wa Orwell maƙogwaro da asuba, yana tsaye cikin rami yana magana da masu gadi. Ya rayu da ƙyar.

Wanka, taba, wando. A cikin labaran uku, abin da ya tsayar da yatsa shi ne ganin mutum a lokacin da ba yaƙi yake yi ba. Kuma wannan shi ne ainihin sana'ar maharbi: ba ya samun abokin gaba sai lokacin da ya saki jiki. Ɗan igwa yana kilomita biyar ko goma a baya, yana aiki da taswira da lissafi, bai taɓa ganin wanda harsashinsa ya daddatsa ba. Fiye da rabin waɗanda suka mutu ko suka ji rauni a fagen yaƙin duniya na farko, igwa ce ta same su; abin da maharba suka kashe, in an gwada, ɗigo ne. Sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ta kwasa, kimanin 200,000, har da ƴan ƙasar nan, waɗanda wajen 30,000 daga cikinsu ba su dawo ba, a Chemin des Dames a watan Afrilun 1917 igwa da bindiga mai jigida da sanyi ne suka cinye su. Amma ba a taɓa laƙaba wa ɗan igwa sunan mai kisan kai ba. Kurtu yana ɗaukar harsashin igwa kamar aradu, abin da ya faɗo daga sama bisa ƙaddara. Harsashin maharbi kuwa da niyya ya zo: wani ya dube ka, ya ga fuskarka, ya zaɓe ka. Idan aka auna da yawan gawa, hukuncin kurtu zalunci ne, domin maharbi ya fi kowane soja sanin wanda yake kashewa, ya kuma fi kowa ikon ƙyale yaro da mace da mai ɗaukar majinyata. Sai dai ina zaton kurtu ba gawa yake ƙidayawa ba. Yana kare ɗan abin da ya rage masa ne, wato tunanin cewa shi ba makashi ba ne, mutum ne da aka jefa cikin wuta yana kare kansa. Maharbi yana tuna masa abin da yaƙi yake nufi in an cire hayaƙi da ihu.

Ba ko'ina aka ƙyamace su ba. Tarayyar Sobiyet ta mai da su taurari. An ce Vassili Zaitsev, mafarauci daga tsaunukan Ural, ya kashe 225 a Stalingrad a ƙarshen 1942. Lyudmila Pavlichenko an lissafa mata 309, aka kuma aike ta Amurka a 1942, shugaba Roosevelt ya karɓe ta a fadarsa. A Finlan, Simo Häyhä, wani manomi, an danganta masa fiye da 500 cikin yaƙin hunturu na 1939 zuwa 1940, da bindiga marar madubi. Waɗannan alƙaluma na hukumomin yaƙi ne, masu bukatar jarumai, sai a karɓe su da hankali. Abin lura shi ne dukkansu a ƙasarsu suke, baƙo ne ya shigo musu; wanda aka ci gidansa ba ya tambayar ko harbi daga maɓoya ya dace. Sojojin Amurka da suka sauka Normandi a 1944 kuwa, ɗan jarida Ernie Pyle da ke tare da su ya rubuta cewa suna ganin harbin ɓoye abu ne na sanɗa da ya saɓa wa abin da suka sani na adalci, ko da yake dole ta sa suka koye shi. Bayan kowane yaƙi, rundunonin Yamma sukan rufe makarantun maharba kamar masu jin kunya, sai wani yaƙi ya zo a fara daga farko. Sojan ƙasa na Amurka bai kafa makaranta mai ɗorewa ba sai 1987.

Dokar yaƙi ba ta bi kurtu cikin ƙyamarsa ba. Hausawa sun ce yaƙi ɗan zamba ne, malaman fiƙihu kuma sun daɗe da raba dabarar yaƙi, wadda ta halatta, da cin amana, wanda ya haramta. Yarjejeniyar La Haye ta 1907 da ƙarin yarjejeniyar Janeba na 1977 a kan wannan layi suka tsaya. Ɓuya, da saje da ciyawa, da kwanton ɓauna, duk dabara ce. Abin da aka hana shi ne a jawo amincewar mutum sa'an nan a kashe shi, kamar a ɗaga farar tuta ko a saka alamar masu jinya da ƙarya. An kuma hana harbin wanda ya miƙa wuya, da wanda rauni ya kayar, da farar hula. Sojan da ke wanka yana nan soja a idon doka. Maharbin da aka kama cikin kakinsa kuma fursunan yaƙi ne, wanda ya harbe shi bayan ya ɗaga hannu shi ne mai laifi, ko da yake ba kasafai aka gurfanar da kowa a kan haka ba.

Inda doka ta yi magana da ƙarfi shi ne Sarayevo. Daga Afrilun 1992 zuwa Fabrairun 1996, maharba daga tsaunuka da dogayen benaye suka riƙa harbin masu ɗibar ruwa, da masu tsallaka titi, da fasinjojin jirgin cikin gari, da yara. Madubin da ya sa Lussu ya ga mutum, shi ne ya zama shaida a kansu, domin mai kallo ta cikinsa ba ya iya cewa bai san yarinya ce ba. Kotun duniya mai shari'ar laifuffukan tsohuwar Yugoslabiya ta yanke wa Janar Stanislav Galić shekara 20 a 2003 saboda harbin ɓoye da ruwan igwa da aka yi don firgita farar hula. Da aka ɗaukaka ƙara, a 2006, aka mai da hukuncin ɗaurin rai da rai.

Tsakanin Sarayevo da ramin Lussu akwai fili mai faɗi inda doka ta yi shiru, ta bar mutum da yatsansa. Ranar 11 ga Nuwamba 1918, an sa hannu kan tsagaita wuta tun da asuba, aka sanar da rundunoni cewa za a daina harbi da ƙarfe 11 na safe. A ƙauyen Ville-sur-Haine, kusa da Mons a Beljiyam, wani sojan Kanada mai shekara 25, George Price, ya tsallaka mashigin ruwa da ƴan uwansa kaɗan suna binciken gidaje. Ya fito daga wani gida zuwa titi, sai wani maharbin Jamus ya same shi a ƙirji. Ya cika da ƙarfe 10 da minti 58. Wanda ya harbe shi bai karya ko layi ɗaya na yarjejeniyar La Haye ba.